Ƙodar Auta

Likita ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Tela, sai ka ce zai gane lambobin.

"Kitsen jinin bai sauka ba, Baba. Ƙaruwa ma ya yi."

Tela ya zuba wa hannayensa ido. Tun da aka dasa masa ƙodar ƙaninsa Auta, bai sake kai soyayyen abu baki ba. Jan nama kuwa sai dai ya ji ƙamshinsa daga kicin ɗin maƙwabta. Matarsa kan dafa masa kabeji da kifi a 'yar tukunya daban, ba mai, gishiri kamar an roƙo, yara su juya masa baya in za su ci nasu. Kullum kafin ya buɗe shago Auta zai zo ya ja shi zagayen filin ƙwallo, yana tsokana: "Ɗaga ƙafa, Yaya. Aro na ba ka, kada ka bar min ita ta yi tsatsa."

"Wallahi ban karya doka ba, likita," in ji Tela.

"Na yarda. Maganin da ke hana jikinka ƙin ƙodar, shi ke tara kitsen. In na rage shi, jikin ya far mata. In na bar shi, hanyoyin jini su toshe." Ta danna ƙaurinsa da yatsa. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. "Ita ma ƙodar ta fara gajiya. Za mu canza magani mu gani, amma ba zan yi maka alkawari ba."

"Tafiyar fa? Da kabejin?"

"Ka ci gaba. Ba za su cutar da kai ba."

A waje ya tarar da Auta kan benci, hannu dafe da kwiɓi, inda tabon yake. Tun bayan tiyatar bai koma lodin kaya a sito ba, don nauyi ya daina karɓarsa. Gadi yake yi yanzu, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba.

Auta ya miƙe. "Yaya, me ta ce?"

Tela ya dubi kwiɓin ƙanin nasa, ya ɓoye gaskiyar.

"Ta ce mu ci gaba."

Fuskar Auta ta washe. "Ban gaya maka ba? Gobe ma ƙara zagaye za mu yi."

Kafin Tela ya ce uffan har ya ciro waya ya kira mahaifiyarsu.

"Mama, ki kwantar da hankalinki, likita ta yaba. Ga shi nan ma, ji daga bakinsa."

Ya miƙo wayar. Tela ya karɓa, ya kara a kunne. Tsohuwar tana ta jero godiya ga Allah. Ya jira har ta numfasa.

"Haka ne, Mama," ya ce. "Da sauƙi."