Muryar Baba a Wayar Tayyiba

Shekara tara Mubarika tana jinyar mahaifinsu, Baba Amidu, a gidansu na unguwar Zango, amma ko saƙon murya ɗaya nasa ba ta da shi. Wa zai aika wa wanda ke bakin ƙofarsa saƙo? Kira yake yi, ta zo. Ƙanwarta Tayyiba kuwa, da ke can Jamus tana aiko bargo da hotuna, wayarta cike take da muryarsa.

Ranar sadakar arba'in, bayan la'asar, Tayyiba, wadda ta zo gida don sadakar, ta haɗa wayar da lasifika a ɗakin marigayin. Sai ga gyaran muryarsa, ga kukan tsohuwar fankarsa.

"Tayyiba, 'yar Baba, kin ci abinci?"

Wata gwaggo ta janye ƙafa daga tabarma kamar mai ba shi hanya. Mubarika ma sai da ta waiwaya ta dubi kujerarsa, don ta ji a jikinta yana zaune.

Kishi ya turnuƙe ta. Ita ta rufe rumfarta ta kasuwar Race Course saboda shi, ita ta yi wanka da wanki, amma wannan tattausar muryar ba ta taɓa zuwa kanta ba. Rabonta "kawo ruwa" ne da "rufe taga".

Da mutane suka watse ta haɗiye girman kai ta miƙa hannu. "Ba ni wayan nan. Sunana nike nema."

"Yaya, ki bari," in ji Tayyiba. "Ba komi a ciki kraa, ko kaɗan."

Mubarika ta fizge wayar, ta zauna tana bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Albarka, tsokana, labarin maƙwabta, duk na Tayyiba ne. Sai can wajen ƙarshe ta ji ya rage murya kamar ɓarawo.

"Na aika an sayo min tsire a ɓoye. Bari in kashe, ga Mubarika nan, in ta gani na shiga uku."

Bai iya kashewa ba. Aka ji takun silifa, sannan muryarta ita kanta, a sama: "Gishiri kuma, Baba? Wallahi na gaji da kai."

Tayyiba ta sunkuyar da kai. Ashe tun bara ta ji wannan, ta yi shiru.

Mubarika ta daɗe tana kallon wayar, kunya da baƙin ciki suna cin ta. A nan kaɗai ya ambaci sunanta.

"Turo min shi," ta ce.