Gallar Baba Mailafiya

"Ba haka ake ɗaure dami ba, Injiniya," in ji Baba Mailafiya daga kan katifarsa. "Kai a bene aka haife ka?"

A ƙauye aka haife ni, sai dai tumbina ya manta. Ina tsugune a rufin gidan hayarmu na unguwar Bani Malik, nan ƙasar Larabawa, ina fama da zangarniyar dawar da ya noma a tsofaffin bokitan fenti. Duk amfanin bai kai abincin tantabara na mako ba.

Baba Bahaushen Sudan ne. Mahaifin mai gidanmu ne ya ba shi ɗakin rufin, shi da matarsa Inna Shatu, yana ban ruwan itatuwan tsakar gida a madadin haya. Tsohon ya rasu, ɗansa Thamer kuma ya fara hawowa da magina suna auna rufin.

"Kakana bai taɓa mallakar gona ba," Baba ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Ya yi wa ubangida aiki a gandu, da kaka ya kai dami. Galla ke nan. In an karɓa, ba a tashin mutum sai wata kakar. Yalla, maza kai wa Thamer. Ni na gama, Shatu nake ji."

Na sauka da damin a kafaɗa, ina addu'ar kada 'yan ofishinmu su gan ni.

Thamer na shirin shiga mota. "Esh hada?" ya ce, wai mene ne wannan.

Na yi bayani da gurgun Larabcina. Ya daɗe yana kallon dawar.

"Duk shekara babana na rataye irinsa a bayan ƙofa," ya ce. "Na ɗauka magani ne."

Ya sa makulli a aljihu, ya miƙo hannu biyu.

Da na hau, Baba bai buɗe ido ba. "Ya karɓa?"

"Ya karɓa, Baba."

"Da hannunsa?"

"Da hannu biyu."

"Halas," ya ce, wato shi ke nan.

Bai kai Juma'a ba. Magina ba su sake hawowa ba, amma ba wanda ya ce sun fasa.

Bayan sadakar bakwai na hau gaishe da Inna Shatu. Na tarar da ita durƙushe gaban bokitan cikin mayafin takaba, tana huda ƙasa da yatsa, iri a gefen zaninta.

"Injiniya," ta ce ba ta waiwayo ba, "miƙo min butar nan."