'Yar Farin Delu

Malama Dokas ta rataye sikeli a reshen darbejiyar tsakar gida, ta zura ƙafafun yarinyar a wandon awo, ta sake ta tana lilo. Ko uffan yarinyar ba ta ce ba. Sauran yaran unguwar Gabukka in aka rataye su haka, har bakin hanya ake jin ihunsu.

"Nauyi lafiya lau," in ji Dokas, tana rubutawa a kati. "Wajen ciyarwa kam ba ki da laifi, Maman Jumma."

Delu ta sunkuyar da kai kamar an zage ta. Maman Jumma! Wannan ne zuwan Dokas na biyu tun da asibitin mata da yara ya fara tura ma'aikata gida-gida a kan keke, kuma duk lokacin da ta faɗi sunan nan sai Delu ta ji kamar ta nutse. Jumma 'yar farinta ce. A garinsu, can ƙasar Bakori, macen da aka yi wa tarbiyya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma nuna ta san yana wurin. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan".

"Malama, ki bar min katin," ta ce a hankali. "Gobe za a tafi da ita."

"Ina?"

"Gida, wajen uwar maigidana. Ta aiko cewa shekara biyu da wata bakwai ba magana, bebiya ce, a kai mata ita ta nemi magani. Can za ta zauna."

"Ke kuma kin yarda?"

Ji wata tambaya! Yaushe uwa ke da bakin hanawa a kan ɗan fari? Ai ko da kallo aka kama ta tana bin yarinyar, sai an yi shekara ana yi da ita. Kwana uku ke nan ba ta ci tuwon kirki ba, amma abin da ta ce shi ne, "Ai tasu ce."

Dokas ta ajiye katin. Ta sauke Jumma, ta zaunar da ita a tabarma, ta zagaya bayanta ta ɗan taɓa kwano da cokali. Yarinyar ta waiga. Dokas ta koma ɗaya gefen ta yi raɗa, "Jumma." Yarinyar ta sake waigawa, idanunta tar a kan bakin matar.

"Wannan ce bebiyar? Kunnenta ya fi nawa. Ki gaya min gaskiya, daga safe zuwa dare, muryar wa take ji?"

Delu ta dubi gidan. Gidan uban gidan mijinta ne, ya gina shi a bakin gari ya ba su ɗaki ɗaya su zauna kafin ya tare. Maƙwabta na can nesa, bayan gonar dawa. Ja'afaru kuwa, mijin nata, direban babbar mota ne, in ya ɗauki auduga sai ya yi sati bai dawo ba.

"Akwai rediyo," ta ce. "Tun shekarar ƙarin albashin Udoji ya saya."

"Rediyo yana jira ta ba shi amsa?"

Delu ta girgiza kai.

Dokas 'yar Kaltungo ce, amma a unguwar Bolari ta tashi cikin Hausawa da Fulani, ta san kunyar ɗan fari kamar yadda ta san sunanta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa irin na ma'aikatan asibiti ba. Zama ta yi a tabarmar, ta miƙe ƙafa.

"Da a garinku kuke, wa zai riƙa yi mata surutu?"

"Kakarta mana. Da gwaggonninta. Ai ko ƙasa ba za a bar ta ta taka ba."

"Yauwa. Can ke ki yi kunyarki, mutum goma na yi mata magana. Nan kin taho da kunyar, kin baro mutum goman a Bakori. Yaro kuwa a bakin mutum yake tsintar magana, ba a iska ba."

"To ni me zan ce mata, Malama? Wallahi ban iya ba."

"Abin da hannunki yake yi. Kina wanki, ki ce mata wanki nake. Ta nuna abu, ki faɗi sunansa, ki dakata ki ga me za ta yi. Ki ba ni wata uku. In bakinta bai buɗe ba, ni da kaina zan kai ku wajen likita."

"In wani ya ji fa?"

"Rufe ƙofa. Wa ke ganinki?"

"Allah yana gani."

"Shi ya ba ki ita," in ji Dokas. Ta naɗe sikelinta, ta ɗaure a bayan keke, ta ce sai Alhamis in ta same su.

Bayan azahar Delu ta sa wa ƙofar gida sakata, ta leƙa ta kan katanga, ba kowa sai awaki. Duk da haka sai da ta shige ɗaki ta saki labule. Ta ɗauko faifan wake tana tsincewa, yarinyar na gefe tana wasa da murfin kwano. Sau uku tana buɗe baki tana rufewa. Mace da girmanta, gumi har tafin hannu, wai don za ta yi wa 'yar da ta haifa magana!

"Wannan wake ne," ta ce.

Jumma ta ɗago. Ba ta dubi uwar ba. Ƙofa ta waiga ta duba, ta ga ko wane baƙo ne ya shigo ake yi wa magana.

Nan fa zuciyar Delu ta karye. Hawaye suka zubo cikin faifan, ba ta ko share ba. Tausayin yarinyar ya kama ta, haushin kanta ya kama ta, ta matsa kusa har gwiwarsu ta haɗu.

"Da ke nake. Ke. Ba kowa a ƙofa."

Yarinyar ta daɗe tana kallonta. Can ta sa 'yan yatsu ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta ɗora a tafin uwar, ta zuba wa bakinta ido.

"Wake," in ji Delu.

Ta ɗauko wani.

"Shi ma wake."

Ta ɗauko wani abu baƙi.

"A'a, wannan tsakuwa ce, ta karya haƙori. Mu jefar!"

Delu ta wurga ta waje. Jumma ta ƙyalƙyale da dariya, ta shiga tonon faifan tana neman wata. Kalma ko ɗaya ba ta fito ba, amma leɓenta na motsi duk lokacin da uwar ta yi magana. Ranar dai ba a dafa waken nan da wuri ba.

La'asar sakaliya aka ji rurin mota a bakin gona. Ja'afaru ya shigo fari fat da gashin auduga, ya ajiye ƙunshi a bakin ɗaki. 'Yar riga ce ja da takalmin roba, daga babbar kasuwa.

"A sa wa waccan gobe," ya ce, yana kallon wani wuri. "Da asuba za mu kama hanya."

Delu ta kawo masa ruwa, ta durƙusa.

"Malam, Jumma ba za ta je ba."

Ruwan ya sarƙe shi. "Wa kika ce?"

Ya ji sarai. Shekara biyu da wata bakwai bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba, shi ma kuwa tun ranar suna bai sake furta shi ba.

"Jumma," ta maimaita, kunyar duniya na cin ta, amma ba ta janye ba. "Ba bebiya ba ce. Malamar asibiti ta gwada, tana ji. Mu ne ba mu yi mata magana, ni da kai. Ka ba ni wata uku. Ina son 'yata, Malam. Na faɗa, a yi da ni."

"Delu, lafiyarki kuwa? Inna fa, me zan ce mata?"

"Ka ce da babbar salla za mu kai mata ita ta gani, mu dawo da ita tare."

"In mutane suka ji kina..."

"Waɗanne mutane? Daga mu sai darbejiya."

Ba mugun mutum ba ne Ja'afaru. Kasuwa ya zagaya rumfa-rumfa yana gwada takalmin nan da yatsunsa, ya san tsawon ƙafarta ba tare da ya taɓa aunawa ba. Ya tsuguna yana kwance igiyar takalminsa don kada a ga fuskarsa.

Sai ga Jumma ta taho tana tangaɗi. Ta kama babban hannun nan mai baƙin mai, ta buɗe shi, ta ajiye wani abu a ciki, ta tsaya tana kallon bakinsa.

"Me take so?" ya tambayi Delu da raɗa.

"Sunan abin take so ka faɗa mata."

Ya dubi katanga. Ya dubi ƙofa. Ya yi gyaran murya kamar mai shirin magana a gaban alƙali.

"Tsakuwa ce," ya ce. Ya dubi yarinyar. "Tsakuwa ce, Jumma."

Yarinyar ta juya da gudu ta nufi gindin darbejiya.

"Shi ke nan?" in ji shi, ya yunƙura zai tashi.

"Ina! Ai yanzu ta fara da kai."

Ga ta nan kuwa tana dawowa, hannu biyu cike da ganye da kara da wani tsohon murfin kwalba. Ja'afaru ya dube ta, ya cire hula ya ajiye, ya jawo tabarma ya zauna sosai.