Gyambon Tela

Tela ya gyara zama a kujerar baya, ya miƙe ƙafarsa ta dama ƙarƙashin kujerar gaba, domin gyambon da ke ƙwaurinsa ba ya son takura. Can gaban ɗakin, 'yarsa Auta na tsaye kusa da majigi, tana kare binciken digirinta na biyu a gaban malamai. Rigar da ke jikinta shi ya ɗinka, kuma zuwa yanzu ita kaɗai ce abin da ya fahimta a taron.

Sai da ta nuna hoton wani faranti da aka shuka ƙwayoyin cuta a kai sannan ya fara kama zaren. Ashe ƙwayoyin bakteriya ma ba sa ga maciji da juna, kamar teloli biyu a layi ɗaya. Wasunsu, in ji Auta, kan ƙera wani ɗan guntun furotin da ke huda fatar abokan gabarsu. Ita kuwa ta tatso irin wannan makami daga wata bakteriyar ƙasa, ta ɗiga shi a kan wata muguwar ƙwayar cuta da ta samo a jikin wani majiyyaci, wadda ta gagari kusan duk maganin da aka gwada mata. Inda ɗigon ya sauka, wuri ya yi fes.

Baƙon farfesan da aka gayyato don ya yanke hukunci ya cire tabarau.

"Aikin ya yi kyau, 'yata, amma ban gamsu da ƙwayar nan ba. Irinta sai a babban asibiti, a jikin wanda ya daɗe a kwance. Kin ce majiyyacinki bai taɓa kwana a gadon asibiti ba."

"Bai taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To ko dai samfurin ya gurɓata a ɗakin gwaji, ko kin ƙara gishiri. Wane mahaluki ne zai yi kiwon irin wannan a gida? In babu hujja, sai ki sake aikin, mu haɗu baɗi."

Ƙa'ida ta hana Auta faɗin sunan majiyyaci, kunya kuma ta hana ta kallon kujerar baya. Tela kuwa ya tuna ranar da ta goga wa gyambonsa auduga ta jefa a kwalba, ta ce na makaranta ne, ya ce ta ɗauka, ai kyauta ne.

Ya dafa kujera ya miƙe.

"Gafara dai, Farfesa. Mahalukin da ake cigiya, ga shi."

"Baba, don Allah zauna," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke dakata, manya na magana." Ya ja ƙafar wandonsa sama har bandejin ya bayyana. "Ƙwayar nan tawa ce, Farfesa, ni na raine ta. Tun yarinyar nan tana rarrafe nake shan kafso. Mura, kafso. Haƙori, kafso. In keken ɗinki ya gajiyar da ni, kafso. Da na ji dama-dama sai in daina, in ajiye sauran don gaba. Babu kalar da ban sha ba. Mai kemis ɗinmu in ya kawo sabo, ni yake fara nema."

Wani ɗalibi ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

"Likita ne ya rubuta maka?" in ji farfesa.

"Wane likita? Ai ni ne likitan. Kana ganin sakamakon."

Farfesa ya mayar da tabaransa, ya tako har kujerar baya, ya duƙa ya daɗe yana duban ƙafar, kamar mai taya kadara.

"Malam, ka san abin da ka yi wa kanka?"

"Ta faɗa mini, uwarta ma kullum sai ta faɗa mini. Amma dai yanzu ka yarda yarinyar ba ta yi ƙarya ba?"

"Za ka bari a sake ɗibar samfuri yau, a gabana?"

"Ku ɗiba son ranku. Ba ya ƙarewa."

Farfesa ya koma mazauninsa, suka haɗa kai da sauran malaman suna ƙus-ƙus. Daga bisani ya ce idan sabon samfurin ya yi daidai da na farko, kuma ba ya shakkar zai yi, to ta ci, har ma yana son ta zo ta ci gaba da aikin a wurinsa.

Bayan an ɗebi samfurin, Auta ta riƙo hannun mahaifinta suka fito baranda. Idanunta sun yi ja.

"Baba, ka kunyata ni, ka kuma cece ni."

"Aikin uba ke nan. To yaushe za a ɗiga mini abin naki?"

"A faranti kawai yake aiki tukuna. Kafin ya kai ga mutum, sai an yi shekaru ana gwaji. Gobe dai asibiti za mu je."

"To ki hanzarta. Ni dai na yi nawa."

A bakin matakala ɗalibai sun taru suna nuna shi da baki. Tela ya zare hannunsa daga nata, ya gyara wuyan rigarsa, ya fara sauka yana ɗingishi a hankali, yadda kowa zai samu ya gani.