Mai Amsa Na Tara

Shekara biyu Zainulabidin ya yi yana ƙoƙarin fahimtar da mutanen Nguru abin da yake karantawa, bai dace ba ko sau ɗaya. In ya ce digiri na biyu yake yi a kan halayyar mutane a wurin aiki, sai a gyaɗa kai a ce, wato likitan masu taɓin hankali. Abokan aikinsa a sakatariya kuwa cewa suke yi in dai halin ma'aikaci ne ba sai an je wata jami'a a kudu ba, a leƙo ofis ranar Juma'a da hantsi a ga kujeru babu kowa, karatu ya ƙare. Shi dai ya yarda da karatunsa, irin yardar wanda bai taɓa ganin littafi ya cuci kowa ba.

Da lokacin bincike ya zo, ya zaɓi wani injin casar shinkafa a Gashua mai ma'aikata wajen arba'in. Mai injin, Alhaji Ya'u, abokin mahaifinsa Malam Saleh ne tun zamanin da mahaifin nasa ke aikin jirgin ƙasa, don haka izini bai yi wuya ba. Sharaɗi ɗaya Alhaji ya gindaya, shi ma cikin raha: in an gama littafin a kawo masa nasa, ya ajiye a ofis baƙi su gani.

Zainulabidin ya zo da takarda mai tambaya talatin, kowace tambaya da gurbin amsa biyar, daga "na gamsu ƙwarai" zuwa "ban gamsu ba sam". Yawancin ma'aikatan ba su yi boko ba, shi yake karanta musu. Yaya kake jin aikinka? Alhamdulillahi. Yaya zamanka da na gaba da kai? Alhamdulillahi. Kana samun hutu? Sai godiya. Ya yi ta juya biro a hannu yana neman inda zai saka Alhamdulillahi a cikin gurabe biyar ɗin nan, domin waɗanda suka tsara takardar ba su san akwai garin da ba a kushe mai ba ka abinci a gaban baƙo ba. A ƙarshe ya tattara takardu arba'in masu cewa kowa a injin Alhaji Ya'u yana cikin ni'ima.

Dakta Ronke, malamar da ke duba aikinsa, ba ta ɓoye masa ba a waya. Ta ce wannan ba bincike ba ne, gaisuwa ce. Ta ce ya koma ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya su yi hira ta gaske, in ba haka ba shekara za ta wuce shi.

Sati uku yana sintiri tsakanin Nguru da Gashua a banza. Wanda ya tausaya masa shi ne Dunoma, dattijon da ke kula da babbar tukunyar da ake turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, kafin a shanya a kai inji. Babarbare ne, siriri, hannayensa duk tabon ƙuna. Ashe a ƙuruciyarsa ya yi dako a tashar jirgin Nguru, kuma bai manta cewa Malam Saleh ya taɓa tsaya masa a wata rigima ba. Tun ranar da ya gane ɗan wane ne wannan mai yawo da takardu, bai ƙara kiransa da wani suna ba sai "ɗana".

Wata rana bayan azahar ya ja shi bayan tarin ɓuntun shinkafa, inda ƙarar inji ke rufe murya.

"Ɗana, magana a nan ƙafa gare ta," in ji shi. "In na ba ka, amana na ba ka."

Zainulabidin ya fito da takardar alkawari da jami'a ta buga, mai hatimi, ya fassara masa layi layi: ba za a rubuta sunan kowa ba, ba za a nuna wa kowa muryar da aka naɗa ba. Dunoma ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi bai san hatimi ba, so yake kawai ya ce masa wallahi. Zainulabidin ya ce wallahi, da zuciya ɗaya ya faɗa.

Sai dattijon ya buɗe baki. Ya ce murfin tukunyar da waya aka ɗaure shi tun bara, tururi ya ƙona mutum biyu, aka ce musu ƙaddara ce. Ya ce a lokacin kaka tun asuba suke tsaye a bakin wuta har magariba, salla ma da gudu ake yin ta. Sannan ya faɗi maganar da ta ratsa Zainulabidin, ba don tausayi kaɗai ba, har da murnar ɗalibin da ya samu abin da yake nema.

"In inji ya yi zafi, kashe shi ake yi ya huce. Mu in mun yi zafi, sai a ce mu ƙara ɓuntu a wuta."

Da aka ji Baba Dunoma ya yi magana, mutum goma sha ɗaya suka biyo baya. Kowa da abin da ya daɗe yana haɗiyewa.

Dakta Ronke ta yi murna ƙwarai. Ta dai tunatar da shi ƙa'ida: kowace magana da ya ɗauko sai ya bayyana irin mutumin da ya faɗe ta, shekarunsa, yarensa, sashen da yake aiki da daɗewarsa a wurin, don mai karatu ya san daga ina ta fito. Haka ake yi a ko'ina, kuma a kamfanin da ke da ma'aikata dubu uku ba laifi ba ne. Ya bi ƙa'ida tsaf. Babu suna ko ɗaya a babi na huɗu, sai lambobi. Ranar kare kundin, farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya karanta maganar inji da ɓuntu da ƙarfi, ya ce irin wannan ake so.

Aka ɗinka kundin da baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Malam Saleh ya riƙe shi kamar jariri, ya ce gobe gobe a kai wa Alhaji nasa, hannu da hannu, da ƙwaryar goro, kada a ce ɗansa ya ci moriyar mutum ya juya baya. A mota, wajen Jajimaji, wani abu ya ɗan sosa wa Zainulabidin rai, amma ya kore shi. Babu suna a ciki. Alhaji kuma ba ya jin Turanci, littafin a kan kanta zai zauna ya sha ƙura.

Abin da bai sani ba, kowa a injin kuwa ya sani, shi ne babu takardar da ke shiga ofishin Alhaji Ya'u ta kwana ba a karanta masa ita ba, ko da takardar cikin kwalin magani ce. Mai wannan aikin shi ne Bartholomew, mai kula da sito, wanda ya shekara ashirin a Gashua har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗin ji.

Alhaji ya karɓi littafin da hannu biyu, ya sa aka kawo lemo, ya kira Bartholomew. Aka fara da shafin godiya, ya ji sunansa, ya yi murmushi har kunne. Sannan ya gyara zama ya ce a tsallake surutun malamai, a kai shi inda yaransa suka yi magana.

Bartholomew ya buɗe babi na huɗu. Idonsa ya bi layin farko, ya ɗago ya dubi Zainulabidin, kallon da ya fi zagi ciwo. Amma aikinsa karatu ne, sai ya karanta.

"Mai amsa na ɗaya. Namiji, shekara talatin da huɗu, Bafulatani, sashen shanya, shekara shida a aiki."

"Nagoggo ke nan," in ji Alhaji. "Me ya ce?"

Haka aka yi ta tafiya. Bartholomew ya faɗi shekaru da yare da sashe, Alhaji ya faɗi suna kafin ya rufe baki, kamar malamin firamare na kiran rajista. Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba, yaya ma zai yi, mutanen da shi ya ɗauke su aiki, ya halarci sunan 'ya'yansu? Zainulabidin na zaune da kwalbar lemo a hannu, ya kasa sha ya kasa ajiyewa. Ya so ya ce a dakata, ya rasa da wane baki zai faɗa wa abokin ubansa haka a cikin ofishinsa.

"Mai amsa na tara. Namiji, shekara sittin da ɗaya, Babarbare, sashen tukunya, shekara goma sha tara."

Alhaji bai ma wahalar da kansa da faɗin suna ba. Mutum ɗaya ne a kan tukunya. Ya saurari maganar inji da ɓuntu, ya sa aka maimaita, yana ta jan carbi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Da aka gama sai ya raka baƙonsa har bakin ƙofa, ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya yi albarka, ya yi masa a wata uku abin da ya kasa sani a shekara goma.

Labarin ya iske Zainulabidin a Nguru bayan kwana tara. Ba a kori kowa da hayaniya ba. An sauya wa wasu wurin aiki, an daina kiran wasu in aiki ya yi yawa. Dunoma kuwa aka ce masa Alhaji ya ji kokensa, tunda inji ake hutarwa ba mutum ba, to shi ma ya je gida ya huta. Murfin tukunyar yana nan da wayarsa.

Zainulabidin ya kira Dakta Ronke. Ta yi jimami da gaske, ta ce bai karya ƙa'ida ko ɗaya ba, kuma aikin ya isa a buga shi a mujalla. Ya roƙi mahaifinsa ya sa baki, Malam Saleh ya je Gashua ya dawo, ya ce Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya ce ai shi ba ya riƙe kowa a zuciya, gurbin ne dai an riga an cike.

Sai da Zainulabidin ya yi wata guda kafin ya iya zuwa da kansa. Ya samu Dunoma a bayan gari, wajen da ake shanyar barkono, yana juya jan barkono da mayayi, irin manjagarar nan, a gonar wani, idanunsa na ruwa saboda yaji. Zainulabidin ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara jero kalaman da ya yi ta shiryawa a mota. Dattijon ya tsayar da shi, ya tambaya ko ya zo da littafin. Ya zo da shi. Dunoma ya ce a nuna masa wurin.

Ya ɗora yatsa mai tabon ƙuna a kan lambar tara, ita kaɗai ya iya ganewa a shafin, ya ce a faɗa masa abin da aka rubuta. Zainulabidin ya fassara.

"Haka na faɗa," in ji Dunoma. "Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Sunana ma babu, ka cika alkawari." Ya ɗauke yatsansa. "An ba ka digirin?"

"An ba ni, Baba."

"To madalla. Ba ta tafi a banza ba."

Babu gatse a muryarsa, abin da ya fi ƙona Zainulabidin ke nan. Ya tsaya yana jiran a zage shi, ko a ce an yafe masa, ko wanne ne zai karɓa da godiya. Dunoma ya ɗauki mayayinsa ya koma kan barkono, ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"A gaida Malam Saleh. Sauka lafiya, yallaɓai."