Haƙorin Hajiya Meram

Ogochukwu ce mai sa wa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata na wani asibiti a Azare, kuma ta kafa wata doka da babu wanda ya roƙe ta: kowa sai ya buɗe mata baki kafin aiki. Ta sha tsintar goro a kumatun dattawan da suka rantse babu komai.

Hajiya Meram, dillaliya daga Gololo, ta zo a cire mata maƙoƙo. Ya danne mata wuya har a zaune take barci. Da ta buɗe baki, haƙorin Makka ya haska. Ogochukwu ta taɓa shi, ya girgiza.

"Hajiya, sai an cire wannan. Zan zura miki robar numfashi ta maƙogwaro. In ƙarfen buɗe baki ya bige shi, cikin huhu zai faɗa."

"'Yar Nnanna, ubanki mai kwanuka ya san ni tun ba a haife ki ba. A Jidda aka sa mini shi. Ki cire, in koma Gololo a kira ni wa?"

"Hajiya mai rai."

"Rai na Allah ne. Haƙori nawa ne."

Ta jawo mayafi za ta tafi, numfashinta yana fito kamar buta a wuta. Ogochukwu ta san in ta fita, ba za ta dawo da ƙafarta ba. Littattafan da ta karanta kuwa, marubutansu ba su taɓa jayayya da dillaliya ba.

"Zauna, Mama. Ba zan cire ba."

Ta ɗauko zaren ɗinkin tiyata, ta ɗaure haƙorin tamau, ta manne bakin zaren a kuncin Hajiya da filasta.

"Kin mai da ni akuyar kasuwa," in ji Hajiya, ta kwanta.

Ana cikin zura robar, haƙorin ya tumɓuke, ya nufi maƙogwaro. Zaren ya riƙe shi. Ogochukwu ta jawo shi waje, likita ya soma aikinsa.

Washegari ta tarar da Hajiya kwance a rigingine, numfashi na shiga da fita ba ƙara, harshe yana laluben giɓi. Ta danƙa mata haƙorin a tafin hannu.

"Ke kika cire?" Muryar a dishe.

"Shi ya fito da kansa."

Hajiya ta juya shi, ta ƙulle a bakin zane.

"To, wannan Allah ne. Ba ni ruwa."