Darar Malam Alfred

Yatsa ɗaya ya rage wa Malam Alfred mai jin maganarsa, manuniyar hannun hagu. Yau kwana goma sha biyu ke nan yatsan yana shawagi a kan maɓallan kwamfuta, ya rasa inda zai sauka.

Matarsa Roda tana tsaye a bayan kujerar. A kan allo akwai haruffa bakwai manya-manya, ba su haɗa ko kalma ɗaya ba. Ya dube su, ya dubi yatsan, ruwa ya gangaro daga idonsa na dama, wanda ba ya rufuwa sosai. Ta sa bakin zane ta share masa.

Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da lissafi a Dutsin-Ma, tun zuwansu daga Kagoro. Kwamfutar kuwa wani Bature injiniya da ya yi aiki a madatsar Zobe ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu, don abokin dararsa ne. A cikinta akwai darar Turawa, mai sarki da dawaki, wadda mutum kan buga da na'urar kanta. Da damina ta 1988 Malam ya faɗi a gaban aji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai kalma ɗaya ta rage masa: “To.” Da ita yake yarda, da ita yake ƙi. Bayan an sallamo shi daga asibiti ya ƙi abinci, ya ƙi mutane, har ranar da Roda ta ja kujerarsa gaban na'urar. Da yatsa ɗaya ya cinye ta. Ran nan ya yi dariya da rabin baki, ya ci tuwo malmala biyu.

Haka aka zauna sai da 'yarsu Felicia, wadda ke aikin ofis a Kaduna, ta zo hutun Ista da faya-fayan kwamfuta a jaka.

“Mama, Baba ba wasa yake buƙata ba,” in ji ta. “Magana yake buƙata. Zan sa sabon tsari, mai ɗaukar abin rubutu da manyan haruffa. In yana son ruwa ya rubuta, in wani wuri na masa ciwo ya rubuta.”

Roda ba ta ga abin musu ba. Ita ma wata tara ke nan tana marmarin jin abin da ke ransa. Felicia ta goge tsohon tsari, ta sa sabo. Sai bayan ta gama aka gane dara ba ta buɗuwa a kansa. Ta yi ta gwadawa har ta gaji, ta ce zai saba, ta kwashe faya-fayan ta koma, don na ofishinsu ne.

Bai saba ba. Haruffan sun tsere masa kamar yadda kalmomi suka tsere. Ya koma ture kwano.

Ranar Asabar Roda ta bar shi hannun maƙwabciyarsu Hawwa'u, ta shiga mota zuwa Kurfi. Akwai wani tsohon ɗalibin Malam, Ummaru, wanda ke aikin kwamfuta a Katsina, yakan zo gida ƙarshen mako. Ta same shi a ƙofar gidansu yana wanke babur. Ya durƙusa ya gaishe ta.

“Mama, lafiya da rana tsaka haka? Yaya jikin Malam?”

“Jiki ga shi nan, Ummaru. Abin wasansa ne ya mutu, shi kuma yana neman bin sa.”

Bai ƙara tambaya ba. Ya shiga ya sako riga, ya ɗauko ta a babur.

A ƙarƙashin gado suka jawo akwatin da Baturen ya bari. Ummaru ya yi ta tono cikin takardu har ya samo faifai ɗaya mai rubutun hannu, na tsohon tsarin. Ya ɗaga shi wajen taga, ya daɗe yana dubawa, fuskarsa ba ta saki ba.

“Mama, ga yadda abin yake. Cikin na'urar nan ƙarami ne, tsari biyu ba za su zauna ba. Tsohon, shi dara ta sani, amma ba ya ɗaukar abin rubutun Felicia. Sabon yana ɗaukar rubutu, dara kuwa ba ta san shi ba.”

“To sa tsohon mana.”

“Sai na goge sabon tukuna. Faifan nan kuma danshi ya taɓa shi, kin ga tabon. Wataƙila ya karantu, wataƙila ya ƙi. In ya ƙi, ba rubutu, ba dara, sai baƙin allo. Ban san inda zan samo irinsa ba, ko a Kano an daina ajiye shi.”

Roda ta zauna a bakin gado. Ta tuna abin da likita ya ce, wasu rubutu yakan dawo musu bayan shekara, wasu ba ya dawowa. In ta goge, ƙila ta rufe ƙofar da zai ce mata wani abu kafin Allah ya yi ikonsa. In ta bari, mutum ne ke ramewa a gabanta.

“Kai me ka gani?”

“Wallahi Mama, wannan ba nawa ba ne.”

Ta tashi ta durƙusa gaban mijinta, ta kama hannunsa mai rai.

“Baban Felicia, a bar maka rubutun?”

“To,” in ji shi.

“Ko a mayar maka da dara?”

“To.”

Ta nemi bambanci a muryar, ta nema a idon. Shekara talatin da ɗaya tana gane yunwarsa da fushinsa tun daga takun ƙafarsa, yau ga shi yana kallon ta sosai, da dukkan ƙarfinsa, ba ta iya karanta komai ba. Shi ma ya ga ba ta gane ba. Ya kawar da kai.

“Sa tsohon,” ta ce, ba tare da ta juyo ba.

Ummaru ya yi bisimilla ya goge. Ya tura faifan. Na'urar ta yi gurnani, ta tsaya, ta rubuta wani abu da Turanci. Ya ciro, ya hura, ya mayar. Ta sake ƙi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Roda ta riƙe bayan kujera tana addu'a a zuci, ba ta ma san abin da take roƙo ba. A karo na huɗu gurnanin ya zarce bai tsaya ba, can sai ga gidajen dara baƙi da fari sun cika allo.

Malam ya miƙe wuya. Yatsan ya sauka ba tare da shawagi ba.

Ummaru ya tsaya yana kallo, don a hannun Malam ya koyi wasan. Ba a daɗe ba na'urar ta cinye Malam. Ummaru ya miƙa hannu kamar zai gyara wayar lantarki, ya rage mata ƙarfi zuwa matakin 'yan koyo. Ta sake cinyewa. A wasa na uku Malam ya ɗauki doki ya tura shi kai tsaye, inda doki ba ya bi. Na'urar ta yi ƙara ta mayar da shi gidansa. Ya sake turawa. Ta sake mayarwa.

Roda ba ta san dokar wasan ba. Ta raka Ummaru bakin ƙofa.

“Yana ci kuwa?”

Ya sunkuya yana taɓa igiyar takalminsa. “Ana dai bugawa, Mama.”

Da ƙarar babur ta yi nisa, ta yago takarda daga wani tsohon littafin ɗalibai, ta zauna za ta rubuta wa Felicia. Ta sa kwanan wata, ta yi gaisuwa, ta ce an yi ruwan farko a ƙauyen Dabawa da ke kusa da su. Daga nan biro ya tsaya. A bayanta na'urar ta yi ƙara, aka yi shiru kaɗan, ta sake yi.